Abin da Kurege Ya Sani, Mai Ƙirga Itatuwa Bai Sani Ba

A dazuzzukan arewa maso yammacin Amurka, daga jihohin Oregon da Washington har zuwa lardin British Columbia na Kanada, idan kaka ta kama kuma ruwan sama ya fara jiƙa ƙasa, wanda ya tona gindin itacen Daglas zai iya cin karo da wani ɗan ƙullutu ruwan ɗorawa, girmansa tsakanin goro da ƙaramin dankali. Ba shi da ganye, ba shi da fure, ba ya kuma ɗago kai sama kamar naman kazan da muka sani. In aka tsaga shi za a tarar cikinsa kamar soso, launinsa toka-toka da ya saje da kore, a tsakiya kuma akwai wani ɗan ginshiƙi mai kama da kututturen itace. A shekarar 1939 wani masanin cututtukan tsirrai da ke aiki a garin Corvallis na Oregon, Sanford Myron Zeller, ya raɗa masa suna Truncocolumella citrina. Kalmar farko tana nuni ne ga wancan ginshiƙi, ta biyu kuma ga launinsa irin na lemo. Jinsin ƙarami ne ƙwarai, nau'o'insa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Ba wanda ke neman wannan abu a kasuwa. Ba a yin magani da shi, ba a kuma biyan haraji a kansa. Mai karatu yana da damar tambaya: me ya haɗa mu da shi, har za a ɓata mana lokaci? Amsata ita ce, duk ƙasar da take son dajinta ya rayu, dole ta yarda ta kashe kuɗi wajen sanin irin waɗannan ƙananan halittu da ke ƙarƙashin ƙasa. Al'adar auna daji da yawan itatuwan da aka dasa ko aka sare tana ɓoye rabin lissafin, kuma rabin da take ɓoyewa shi ne yake yanke hukuncin ko dashen zai kama ko zai mutu. Zan kafa hujja da labarin wannan jinsi da 'yan uwansa, sannan in kawo abin da masu ja da wannan ra'ayi suke faɗa, domin maganarsu ba ta banza ba ce.

Wa ya ce jabu ne?

Turawa suna da wani abin marmari da suke kira tarafil. Ƙullutu ne da ke fitowa ƙarƙashin ƙasa a gindin wasu itatuwa, ana farautarsa da karnuka, a da kuma har da aladu. Fari na yankin Alba a Italiya da baƙi na Périgord a Faransa sun fi kowane suna, kuma kilo ɗaya na farin yakan kai dubban yuro. Larabawa ma suna da nasu na hamada, wanda suke kira kam'a, yana fitowa bayan ruwan sama daga arewacin Afirka har zuwa yankin Gabas ta Tsakiya. Da masana suka ci karo da wasu ƙullutai masu kama da tarafil amma ƙirarsu ta ciki daban ce, sai suka yi musu laƙabi da tarafil na jabu.

Bambancin na gaskiya ne, sai dai madubin ƙara girma ne kaɗai yake nuna shi sarai. Dukansu 'yan masarautar funfuna ne, wato dangin da ya haɗa naman kaza da yis ɗin burodi da funfunar da ke kama tuwon da ya kwana biyu. Wannan masarauta ba ta tsirrai ba ce. Tun shekarar 1969 Robert Whittaker ya ware mata matsayi na kanta, daga baya kuma binciken DNA ya nuna ta fi kusa da dabbobi a kan tsirrai. Tarafil na asali yana ajiye ƙurar irinsa ne a cikin wasu 'yan jakunkuna, shi kuwa na jabu yana ɗora tasa a kan wasu 'yan kulake, daidai yadda naman kaza yake yi. Rassan biyu sun rabu tun ɗaruruwan miliyoyin shekaru da suka wuce. Kamannin da ke tsakaninsu irin na jemage da tsuntsu ne: matsala ɗaya suka fuskanta, suka ɓullo mata da dabara iri ɗaya.

Ashe kalmar jabu hukuncin ɗan kasuwa ce da mai dafa abinci. Abin bai kwaikwayi kowa ba, bai kuma yaudari kowa ba. Hukuncin ma bai zama ɗaya a ko'ina ba, domin a Japan akwai wani nau'i na jinsin Rhizopogon da suke kira shoro, wanda suke ci a matsayin abin alfarma. Na tsaya a kan wannan ne saboda suna yana da tasiri a kan kasafin kuɗi. Abin da aka riga aka kira jabu, da wuya wani jami'i ya sa hannu a ba da kuɗin bincikensa.

Yadda laima ta naɗe

Naman kaza na yau da kullum laima ne mai aiki ɗaya: ya ɗaga ƙurar iri sama, ya harba ta daga ƙarƙashin laimar, iska ta kwashe. Wannan harbi yana buƙatar danshi, domin wani ɗan ɗigon ruwa da ke taruwa a gindin kowace ƙwaya shi yake ba ta ƙarfin tsalle. Inda fari ko tsananin sanyi ya yi yawa, laimar da ta buɗe takan bushe kafin ta gama aikinta. Wadda kuwa ba ta buɗe ba, ta zauna a dunƙule cikin ƙasa, takan tsira da danshinta, sai dai ta rasa iska. Mafitarta ita ce ƙamshi. Idan ta nuna sai ta saki ƙamshin da ke jawo dabba ta tono ta, ta cinye, ta je wani wuri ta kasayar da ƙurar irin, wadda ke fita daga cikin hanji da ranta.

A shekarar 1989 Thomas Bruns da abokan aikinsa suka buga wani bincike a mujallar Nature da ya nuna cewa Rhizopogon, wanda a ido bai fi ƙaramin dankali ba, ɗan uwa ne na kusa ga Suillus, wani naman kaza mai cikakkiyar laima da ƙafa. Truncocolumella ma daga wannan gida ya fito, kuma ana fahimtar ɗan ginshiƙin da ke cikinsa a matsayin ragowar ƙafar kakanninsa. Wannan naɗewar laima ta faru sau da dama, a gidaje daban-daban na naman kaza, kowanne da kansa.

Akwai wani ƙaramin jinsi da labarinsa ya fi fito da wannan fili. A shekarar 1989 Harry Thiers ya kafa jinsin Gastrosuillus domin wasu halittu da suka tsaya a tsakiya, laimarsu ta lanƙwashe amma ba ta gama dunƙulewa ba. Shekara uku bayan haka binciken DNA ya nuna cewa ɗaya daga cikinsu, wanda aka samu a jihar New York, kusan ba shi da bambanci da wani sanannen naman kaza mai suna Suillus grevillei. A 1997 Annette Kretzer da Bruns suka rushe jinsin, suka mayar da nau'o'insa cikin Suillus. Jinsin bai cika shekara goma a duniya ba.

Masu raina wannan fanni sukan kafa hujja da irin wannan: yau a raɗa suna, gobe a soke, ina amfanin? Ni kuwa a nan nake ganin lafiyar fannin. Suna a kimiyya da'awa ce game da dangantaka, kuma da'awar da ba za a iya soke ta ba idan hujja ta zo, ba ta da daraja. Rushewar Gastrosuillus ta koya wa masana cewa siffar halitta tana iya juyewa cikin ɗan lokaci alhali gadonta bai motsa sosai ba, darasin da ya sa aka sake duba ɗaruruwan sunaye da aka gina a kan kamanni kawai.

Itace, ƙullutu, kurege, mujiya

Ƙullutun da ake tonowa 'ya'ya ne kawai. Ainihin jikin halittar wasu zaruruwa ne sirara fiye da gashi, da suka saƙu cikin ƙasa, suka naɗe kan ƙananan saiwoyin itace kamar safa. Itacen yana ba su sukarin da ganyensa ya haɗa da hasken rana, su kuma suna jawo masa ruwa da sinadaran fosfaras da naitirojin daga lunguna da saiwa ba za ta iya shiga ba. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne na gaske. Wanda ya fara bayyana wannan ƙawance ya kuma ba shi sunan maikoraiza shi ne Albert Bernhard Frank, a shekarar 1885. Abin ban sha'awa, gwamnatin Prussia ta sa shi ne ya binciko yadda za a noma tarafil mai tsada. Bai samo mata abin da take nema ba, amma ya gano abin da ya fi shi muhimmanci nesa ba kusa ba: mafi yawan tsirran duniya suna rayuwa ne da irin wannan abokin tarayya a saiwarsu. Da an auna aikinsa da kilo nawa na tarafil ya kawo, da an ce ya ci kuɗin gwamnati a banza.

Truncocolumella abokin itacen Daglas ne, itacen da ya fi kowane muhimmanci a sana'ar katako ta wancan yanki. A shekarar 1978 Chris Maser da James Trappe da Ronald Nussbaum suka buga sakamakon duba tumbin ɗaruruwan ƙananan dabbobi na dazuzzukan Oregon. Sun tarar da yawansu cike da ƙurar irin waɗannan ƙullutai. Wani ɓeran daji mai jan baya kusan da su kaɗai yake rayuwa. Haka ma wani kurege mai fata tsakanin hannu da ƙafa, wanda ke shawagi daga itace zuwa itace, yakan sauko da dare ya tono su. Shi kuma wannan kurege yana cikin manyan abincin wata mujiya mai ɗigo-ɗigo da ke zaune a tsofaffin dazuzzukan yankin.

Sai mai karatu ya bi zaren. Itace yana ciyar da funfuna, funfuna tana shayar da itace, kurege yana cin 'ya'yanta yana yaɗa irinta zuwa inda sababbin itatuwa ke tsirowa, mujiya tana cin kurege. In aka sare daji ƙarƙaf, zaren da ke ƙasa ya rasa mai ba shi sukari, ƙullutai su ragu, dabbobin da suka dogara da su su ƙaura. Hatta ruɓaɓɓen gungumen da ma'aikacin gandun daji ke ɗauka a matsayin shara yana da aiki, domin yana riƙe danshi a lokacin rani, kuma a gefensa ƙullutai kan samu mafaka.

Wannan ilimi bai tsaya a mujalla ba. A 1990 aka sanya mujiyar cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana. A 1991 alƙali William Dwyer na kotun tarayya da ke Seattle ya dakatar da sayar da katako a filayen gwamnati da mujiyar ke zaune. A 1994 gwamnatin Bill Clinton ta fitar da Shirin Dazuzzukan Arewa maso Yamma, wanda ya shafi kusan hekta miliyan 10. A cikinsa akwai wani sashe da ya wajabta a bincika, a kuma kare, kusan nau'i 400 na ƙananan halittun da ba a san su sosai ba, fiye da rabinsu 'yan masarautar funfuna. Da Zeller da waɗanda suka biyo bayansa ba su yi shekaru suna tona ƙasa suna raɗa sunaye ba, da babu abin da za a rubuta a wannan jeri. Doka ba ta iya kare abin da ba shi da suna.

Abin da masu ja suke faɗa

Adalci ya sa in kawo ɗaya ɓangaren da ƙarfinsa. Na farko, shirin 1994 ya zo da asara. Yawan katakon da ake sarewa a filayen gwamnati ya faɗi ƙasa warwas, masana'antun yanka katako da dama sun rufe, garuruwan da suka dogara da su sun shiga wani hali. Gaskiya ne cewa injuna sun riga sun fara rage ma'aikata tun kafin shari'ar, amma wannan ba ya share hawayen magidancin da ya rasa aikinsa. Na biyu, binciken ƙananan halittu kafin a taɓa daji yana da tsada da cin lokaci, musamman da yake ƙullutun ba ya fitowa kowace shekara, har gwamnatin George W. Bush ta yi yunƙurin soke wannan sashe a 2004, kotu ta taka mata birki. Na uku, wanda ya fi ciwo, duk da wannan ɗawainiya mujiyar ta ci gaba da raguwa, saboda wata mujiyar daban da ta fi ta ƙarfi ta kwararo daga gabashin nahiyar ta mamaye mata wuri, har a 2024 hukumar kula da namun daji ta Amurka ta amince da shirin harbe baƙuwar. Mai ja zai ce: kun hana mutane abinci, kuma ba ku ceci tsuntsun ba.

Akwai kuma ja na huɗu, wanda ya fi kusa da mu. Ƙasar da asibitocinta ba magani, makarantunta ba rufi, ina ita ina ɗaukar nauyin mai tona gindin itace yana neman dankalin da ba a ci?

Na yarda da na farko ba tare da kwana-kwana ba. Duk tsarin kare muhalli da bai tanadi makomar waɗanda za su rasa abin yi ba, ya ɗora kuɗin a kan wanda ya fi kowa rauni, kuma zai haifi gabar da za ta ci shi daga baya. Na biyu gyara yake nema, kuma fasaha ta kawo sauƙi, domin yanzu ana iya gano nau'o'in da ke cikin ƙasa ta hanyar DNA ɗin ɗan samfurin turɓaya, ba sai an jira ƙullutu ya fito ba. Na uku kuwa, in aka duba da kyau, hujja ce a gare ni. Abin da ya nuna shi ne, kare daji ta hanyar halitta guda mai farin jini caca ce. Mujiyar tana iya ɓacewa saboda dalilin da ba shi da alaƙa da gatari, amma tsofaffin itatuwan da aka bari suna nan tsaye, da ruwan da suke tacewa, da saƙar da ke ƙarƙashinsu. Sashen da ya kula da ƙananan halittu ya fi kusa da ainihin abin da ke riƙe dajin.

Ja na huɗu shi ne yake buƙatar lissafi, kuma tarihi ya riga ya yi mana shi.

Kuɗin jahilci

Da Turawa suka fara kai itacen fain zuwa ƙasashe masu zafi da kudancin duniya domin katako, sun sha mamaki. Iri yakan tsiro, dashe ya yi ɗan tsawo, sai ya yi rawaya ya tsaya cak, daga nan ya mutu. A Puerto Rico an yi shekaru ana wannan asara, har sai a shekarun 1950 da aka kawo turɓaya daga gindin itatuwan fain na Amurka aka zuba wa dashen, sannan ya miƙe. Irin wannan ya faru a wurare da dama na Afirka da Asiya da Ostareliya. Abin da ya ɓace shi ne abokin tarayyar saiwa. Yau ana samun Rhizopogon a gonakin fain na Afirka ta Kudu da New Zealand da Kudancin Amurka, inda ya bi itacensa. Kuɗin da aka zubar a shekarun da dashe ke mutuwa, kuɗin rashin sanin wani ɗan ƙullutu ne da danginsa.

Wuta ma ta ba da shaida. A 1995 gobara ta cinye dajin fain na Point Reyes a Kalifoniya. Da sababbin tsirrai suka fito, masu bincike sun tarar Rhizopogon yana cikin na farko da suka kama saiwoyinsu, daga ƙurar iri da ta daɗe tana kwance cikin ƙasa tana jira. Wato ƙasar daji tana da rumbunta, kuma ƙananan dabbobi suna cikin masu cika shi.

Wuƙar tana da kaifi biyu. A tsibirin Victoria da ke tafkin Nahuel Huapi na Ajantina, Martín Nuñez da abokan aikinsa sun nuna a 2009 cewa baƙin itatuwan fain sun kasa bazuwa nesa da inda aka dasa su saboda rashin abokan saiwa. A 2013 kuma suka nuna cewa aladun daji da barewar da aka shigo da su tsibirin suna yaɗa ƙurar irin a kashinsu, suna share wa baƙin itatuwan hanyar mamaye dajin asali. Wanda yake son itace ya kama da wanda yake son hana shi mamaya, duka biyu ilimi ɗaya suke buƙata.

A Ostareliya, inda irin waɗannan ƙullutai suka fi yawa da bambanta, akwai wata ƙaramar dabba 'yar dangin kangaru mai suna potoru na Gilbert. An ɗauka ta ƙare fiye da shekara ɗari, sai a 1994 aka sake ganinta a Two Peoples Bay kusa da garin Albany. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na abincinta ƙullutan ƙasa ne. Ba yadda za a zaɓa mata sabon matsuguni ba tare da an san abin da ke ƙarƙashin ƙasarsa ba.

Inda zancen ya iso nahiyarmu

Kada a ɗauka wannan lamari na ƙasashen sanyi ne kaɗai. A 2016 aka bayyana wani sabon jinsi mai nau'i ɗaya tak, Kombocles bakaiana, daga gandun dajin Dja na Kamaru, aka kuma sa masa sunan al'ummar Baka ta wannan daji. A 2020 aka bayyana Hysterangium bonobo daga Kokolopori a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, bayan an ga birran bonobo suna tono shi suna ci. Mutanen yankin sun riga sun san shi, suna kiransa simbokilo, suna ɗana tarko da shi domin kama ƙananan dabbobi. Sabo ne ga mujalla, tsoho ne ga maharbi.

A ƙasarmu kuwa sai an yi hattara da gaskiya. Itatuwan Sahel irin su gawo da bagaruwa suna da nasu ƙawancen, amma da wani rukunin funfuna daban da ke shiga cikin saiwa, wanda galibi ba ya fitar da irin wannan ƙullutu. Sai dai doka da kawo, itatuwan da suka mamaye dazuzzukan kudancin ƙasar Hausa da tsakiyar Najeriya, suna yin irin ƙawancen itacen Daglas, mai safa a kan saiwa. Haka ma fain da itacen turare da aka shigo da su aka dasa. Kowane buhun gawayin da ya fito daga dajin doka da aka share ƙarƙaf, ya tafi da wani abu da ba a sa a farashinsa ba. Mai cewa za a sake dasawa yana magana ne kan rabin da ido ke gani.

Ga girman giɓin. A 2017 David Hawksworth da Robert Lücking sun ƙiyasta cewa nau'o'in wannan masarauta suna tsakanin miliyan 2.2 zuwa 3.8, alhali waɗanda aka raɗa wa suna ba su wuce kimanin 150,000 ba. Sai a 2025 ne adadin waɗanda aka tantance a Jan Jerin ƙungiyar IUCN ya haura dubu ɗaya. Afirka tana cikin nahiyoyin da aka fi ƙarancin bincike a wannan fanni, kuma yawancin sunayen da ake da su baƙi ne suka zo suka raɗa.

Abin da nake kira a yi

Na ɗaya, a sauya ma'auni. Shirin dashen da ke alfahari da miliyoyin da aka dasa ranar biki, a tambaye shi nawa suka rayu bayan shekara biyar. Wannan tambaya kaɗai za ta tilasta wa masu shirin su damu da ƙasa, da abin da ke cikinta, da irin itacen da ya dace da ita.

Na biyu, a fifita kare tsohon daji a kan dasa sabo. Inda sara ya zama dole, a bar manyan itatuwa nan da can, a bar kututture ya sake toho, a bar wasu gungumai su ruɓe a inda suka faɗi. Saiwar da ke raye ita ce ke riƙe saƙar ƙasa har sabon tsiro ya zo ya same ta.

Na uku, jami'o'inmu da cibiyoyin binciken gandun daji su ɗauki raɗa suna da adana samfuri a matsayin aiki mai daraja. Fannin ba ya buƙatar injunan biliyoyi. Abin da yake buƙata shi ne ɗalibi mai haƙuri, da ɗan abin tono, da madubin ƙara girma, da ɗakin ajiya da ba ya yoyo, da kuɗin karanta DNA wanda farashinsa ya sauko ƙwarai. Idan aka kwatanta da kuɗin gandun dashe guda da ya mutu, wannan ba komai ba ne.

Na huɗu, a tambayi waɗanda suka sani. Maharba da makiyaya da matan da ke tsinto naman kaza a gindin suri da damina suna riƙe da ilimin da ba a rubuta ba: me ke fitowa, a gindin wane itace, a wane wata, wace dabba ke ci. Darasin simbokilo ke nan. A rubuta sunayen da suke kira da harsunansu, a kuma ambaci gudunmawarsu.

Na biyar, doka ta ambaci wannan masarauta da sunanta. Chile ce ƙasa ta farko da ta sanya funfuna cikin abubuwan da dole a duba yayin tantance illar manyan ayyuka ga muhalli, bayan fafutukar Giuliana Furci da gidauniyarta, kuma tun 2013 ake aiki da wannan. Dokar da ta ce tsirrai da dabbobi ta yi shiru, ta bar masarauta guda a waje.

Zeller ya rasu a 1948, shekaru talatin kafin a buga binciken da ya haɗa irin ƙullutansa da kurege, shekaru arba'in da shida kafin sunayen irinsu su shiga takardun gwamnati. Bai san inda aikinsa zai kai ba, kuma waɗanda suka biya albashinsa ma ba su sani ba. Irin wannan ilimi haka yake, ana ajiye shi tun kafin a san ranar da za a neme shi. Hausawa sun ce wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. A gindin wata doka da ke jiran gatari, akwai yiwuwar wani ɗan ƙullutu yana kwance wanda ɓeran daji ya san ƙamshinsa, maharbi ya san sunansa, mu kuma da muke rubuta kasafin kuɗi ba mu taɓa tambaya ba.